Shekarar da Turmin Gidanmu Ya Yi Ƙarya

Tun daga zaure na ji shi. Ban gama shigar da ƙafata ta biyu ba, sai na ji turmin gidanmu yana magana da muryar da ba tasa ba. Ku da kuka tashi da injin niƙa a bakin layi ba lallai ku gane wannan ba, amma turmi yana da murya. Idan da gero a cikinsa, taɓarya kan faɗa da nauyi, sautin ya nutse ƙasa, ka ji shi a tafin ƙafarka kafin ya iso kunnenka. Wanda na ji a ranar sama yake tashi, ƙwas, ƙwas, kamar itace a kan itace. Na ja na tsaya. Gwaggo Ige, yayar Baba, wadda ta je ta ɗauko ni daga gidan miji domin goyon ciki, ta dafa bayana ta ce in shige, mai ciki wata bakwai ba ta tsayuwa a bakin ƙofa. Kafin mu ɓulla tsakar gida Inna ta kifa faifai a bakin turmin, ta jingine taɓarya, ta shige ɗakinta.

Shigarta ɗaki ba ta dame ni ba. Ni ce 'yar fari, kuma a Sakkwaton wancan lokaci uwa ba ta sakin fuska da ɗan fari, balle ta kama sunansa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce Kulu ba. Ni ce "waccan", ko "ta wajenku". In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa Gwaggo ina zaune, ko ta faɗa wa tukunya, ni kuma in amsa wa bango. Ba ƙiyayya ba ce, kada ku ɗauka haka. Kunya ce, kuma a cikinta muka san juna. Abin da ya dame ni shi ne faifan nan da aka kifa.

Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu. Kun sha tambayata abin da ya sa rogo ba ya shiga gidana, ko dafaffe ko garinsa, ina ce muku ba ya karɓata. Kun sha jin kunya idan na shiga gidan maƙwabta a nan Tudun Wada na wuce kai tsaye madafa na ɗaga murfin tukunya. Kai kuma Haliru, ka sha jin 'yan uwa na cewa boko ya cire mini kunya tun da nake kiran sunanka gatsal, kai da kake ɗan fari. Duk wannan na iya jurewa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da na ji a wajen biki bara, daga bakin wata da ba a ma haifi uwarta ba a lokacin, wai kakanku ya binne hatsi a rami a shekarar yunwa yana jiran tsada, har matarsa ta mutu a kan rowarsa. Ƙarya ce. Amma ƙaryar daga gidanmu ta fito, mu muka daka ta da hannunmu.

Baba mai awon hatsi ne a kasuwa. Jakuna ke sauke masa gero da dawa da shinkafa daga ƙauyukan bakin gulbi, har ana kiran gidanmu gidan mai hatsi. 'Yan shekaru kafin a sauke tutar Turawa, aka yi wata damina da ruwa ya yi yawa. Mutane kan ɗauka fari kaɗai ke kawo yunwa. Wannan karon gero ya ruɓe a tsaye, gulbi ya cika ya shanye shinkafa. Da rani ya yi nisa, dangin Baba na ƙauye suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan buhunsa a naɗe a hammata, kuma Baba bai iya kallon mutum ya ce babu ba. Kafin sabuwar damina ta kankama, ɗakin ajiyarsa ya zama wurin kwanan ɓeraye, su ma suka gaji suka tashi. Duk wannan daga baya na sani. Ina can gidan babanku, wanda yake malamin makaranta, albashi na shigowa, tuwo bai taɓa yankewa ba. Sannan aka tura shi aiki wajen Gusau, ni kuma aka kawo ni gida in haihu a gaban iyayena, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari.

Kwana biyu da zuwana na lura ƙannena uku ba sa nan. Gwaggo ta ce an kai su Wamakko su taya noma. Na lura jeren Inna ya yi giɓi, tasoshin da aka jera tun aurenta sun ragu, an baza sauran don su rufe gurbin. Na lura Inna na azumi Litinin da Alhamis, sannan Talata ta ce ramuwa, Laraba ta ce ba ta jin daɗin bakinta. Amma kullum da hantsi turmi na tashi, kullum da yamma hayaƙi na fita ta kan katanga. Ran nan da rana, gida ya yi tsit, na lallaɓa na ɗaga faifan. Dusa ce a ciki, da ɗan ƙaiƙayi, an daka su an sake dakawa har sun zama kamar toka. Ban ji tahowar Gwaggo ba.

"Ke ɗiyar boko, mi kika leƙe cikin turmin mutane? Haka anka koya muku can?"

"Gwaggo, dusa ce."

"To ita dusa daga sama ta hwaɗo? Ba daga hatsi ta hito ba? Mayar da hwaihwan, ki je ki kwanta, ƙahwahunki sun yi kamar na giwa."

Dariya take yi, amma ba ta kalle ni ba. Daga ranar na gane tsarin gidan. Duk ɗan geron da aka samu a rana, kashi biyu ake yi masa. Kashi ɗaya kunu ne da ɗan tuwo nawa. Kashi ɗaya kuma tuwon da za a fitar wa Baba ƙofar gida bayan magariba, inda mazan layinmu ke haɗa akussa su ci tare. Akushin Baba ya fi na kowa girma tun ina yarinya, kuma bai ragu ba. Inna da Gwaggo kuwa ganyen tafasa ne da na yaɗiya, wanda Gwaggo ke tsinkowa a bayan ganuwa da sassafe ta ɓoyo a cikin zane, a dafa a sa gishiri. Tukunyar da ke kan wuta tun la'asar, mafi yawan lokaci ruwa ne zalla a ciki.

Na daɗe ina jin haushin akushin nan. Sai da na girma na fahimci ba girman kai kaɗai ba ne. Akwai tsofaffi uku a layinmu da suka daina fitowa da akushi, sai dai su zo su zauna kamar hira ta kawo su, Baba ya ce bismilla. Shi kansa loma biyu yake yi ya janye hannu ya kama tasbaha. In akushin ya daina fita, su ukun nan ba su da inda za su. In kuma aka ji gidan mai hatsi babu hatsi, wa zai sake ɗora masa kaya a kan jaki idan Allah ya kawo kaka? Rufin asiri ya ci gidanmu, amma ba don banza aka riƙe shi ba.

Ni dai ina da ilimi, ko haka nake gani. Ina cikin 'yan matan da aka ɗauka zuwa makarantar kwana, na yi karatu har na wuce inda yawancin tsarata suka tsaya, na iya rubuta wasiƙa da Hausa da Turanci. Sai na ga ai abin mai sauƙi ne. Wata yamma muna zaune, Inna na bakin murhu ta ba ni baya, na ce wa Gwaggo zan rubuta wa Malam, wato babanku, ya sa a ɗoro buhun dawa a mota, ba wanda zai san daga inda ya fito. Inna ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara, sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Yaya, ki hwaɗa ma waccan, wankan jego anka kawo ta, ba roƙo ba. Ranar da buhu ya shigo gidanga daga hannun suruki, ta ƙohwar da ya shigo zan hita."

Duk da haka na rubuta wasiƙar. Na ninke ta, na sa a ambulan, na rubuta adireshi. Gidan waya ba nisa, kuma da na roƙi matar maƙwabci da ta kai mini. Kwana tara tana ƙarƙashin zannuwana. Kullum in ce gobe, kullum in tuna fuskar Inna idan aka yi sallama da buhu. Tana nan har yau a akwatin ƙarfen da kuke tambayata mabuɗinsa. Idan na mutu ku buɗe ku karanta, layi shida ce kawai.

Ranar Juma'a abin ya faru. Da safe na ga Inna ta ciro wata farar tasa mai murfi, wadda ta fi so a duk jerenta, ta goge ta da gefen zane ta miƙa wa Gwaggo. Gwaggo ta sa a ƙarƙashin mayafi ta fita. Wajen hantsi ta dawo tana nishi, da ɗan ƙullin gero a hannu da kwando a ka. Geron ko rabin mudu bai kai ba, na akushin Baba ne. Kwandon kuwa cike yake da rogo, manya-manya, dogaye, ban taɓa ganin irinsu ba. Ta ce motoci ne suka zo da shi daga kudu, ana rububi, ya fi komai araha a kasuwa. Inna ta ce wa kwandon, ai masu ciki na marmarin rogo, bari a dafa wa waccan. Kun ji yadda ake yi. Ba yunwa ce ta kawo rogo gidanmu ba, marmarina ne.

Gwaggo ta zauna tana fifita da mayafi tana ba da labarin mai rogon, tana kwaikwayon Hausarsa, har Inna ta yi ɗan murmushi, na farko da na gani tun zuwana.

"Wai, Mama, ki sa shi ruwa, kwana uku, kwana uku, yana nuna min yatsu. Na ce bawan Allah, Sakkwato za ka koya ma dahuwar rogo? Tun ba a haihe ka ba nike cin rogon hwadama ɗanye, in ɓare in tauna kamar rake. Wa ya taɓa jiƙa rogo, sai ka ce wanki?"

Nan take na sake duban kwandon. Gaskiyar Gwaggo ce, rogon da muka sani a Sakkwato na fadama ne, gajere, mai zaƙi, yara na ci ɗanye. Amma ni na san akwai wani. A makaranta muna da wata malama 'yar kudu da ke koya mana girki da kiwon lafiya. Na tuna ranar da ta ɗaga saiwa biyu a gaban aji ta ce ido ba ya raba su, harshe ne ke rabawa. Ta ce mai ɗacin yana da dafi, a garinsu akuya kan sha ruwansa ta faɗi. Sai an fere shi, an jiƙa kwana uku, an zubar da ruwan nesa da dabbobi, an shanya, sannan ya zama abinci. An yi mana wannan tambaya a jarrabawa. Na ci ta, har malamar ta karanta amsata a gaban aji.

Na ce, a hankali, ina kallon ƙasa, "Gwaggo, an ce akwai wani iri mai ɗaci da ba a..."

"An ce, an ce. Wa ya ce? Takarda? To takarda ta zo ta ɗora muna tukunya."

Inna ta ci gaba da fere rogon. Ba ta ɗago ba, ta ce wa wuƙar da ke hannunta, in waccan ba ta so a bar shi, ba dole. Sai na kalli hannun. Warwaron da na san shi yana kama tsintsiyar hannunta ya zame har kusa da gwiwar hannu. Ta sayar da tasarta don wannan kwandon. In na ce a jiƙa kwana uku, na ce ke nan a ci me a kwana ukun? Dole a amsa, kuma amsar ita ce abin da duk gidan ya yi wata da watanni yana daka dusa don kada a faɗe shi. Na ce a raina wataƙila mai zaƙin ne. Na ce wataƙila tafasa za ta kashe dafin. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanku: yunwa nake ji. Kunun da ake ba ni ba ya isar mutum biyu. Da tururin ya fara tashi, yawuna ya tsinke, na daina neman hujja.

Maza sun tafi masallaci, layi ya yi shiru. Gwaggo ta ce wa Inna yau Juma'a, babu wani azumin da za ta fake da shi, sai ta ci. Aka zubo mini tsakiyar rogon, wurin da ya fi laushi, aka barbaɗa gishiri da yaji. Gutsuren farko na ji shi, ɗaci can ƙarshen harshe, yaji bai rufe shi ba. Na ci uku. A na huɗu tsoro ya fi yunwa ƙarfi, na ture kwanon na ce na ƙoshi, na shige ɗaki. Gwaggo ta ci ɗaya ta tofar da rabi, ta ce wannan ai maɗaci ne ya yi shigar rogo, ta nemi guntun goronta.

Ina zaune a bakin gado, ta tsakanin asabarin ƙofa ina hango Inna. Ta tattara abin da na rage, da kawunan rogon da ta ware wa kanta, ta juya baya ta ci da sauri, irin cin wanda ya kwana biyu bai ci ba kuma yake kunyar a gani. Sannan ta tsiyaye ruwan dahuwar a ƙwarya, ta jefa gishiri, ta ce wa Gwaggo ai romo ba a zubar da shi a irin wannan shekara. Na ga ta ɗaga ƙwaryar. Tsakanina da ita bai fi taku bakwai ba, na sha aunawa daga baya. Na buɗe baki. 'Ya'yana, a duk rayuwata ban taɓa ce wa Inna bari ba, ban taɓa ɗaga murya na kira ta daga nesa ba, ban san da wace murya ake yi ba. Ina neman yadda zan fara, ta shanye, ta kife ƙwaryar, ta ce alhamdu lillahi.

Kafin la'asar kaina ya fara sarawa, ɗakin ya riƙa juyawa. Zuciyata na bugu kamar za ta fito, numfashi na yi mini wuya. Na rarrafo waje ina amai, sai na ga Inna a kwance kusa da randa, moɗa na gefenta, ƙafafunta na karkarwa. Gwaggo na jijjiga ta tana kiran sunan Allah. Daga nan Gwaggo ta yi abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba, ta fita titi ba mayafi tana kiran jama'a.

Mata suka cika gidan. A cikinsu akwai Tumba, ungozomar unguwa, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Ina jin ta tana tambaya me aka ci, sai a lokacin bakina ya buɗe, na riƙa faɗa ina maimaitawa cewa rogon ne, mai ɗaci ne, na sani, na sani tun da safe. Ba wanda ya kula da ƙarshen maganar. Tumba ta ɗura mini manja, ta sa mini yatsa a maƙogwaro, na yi ta amai har na ga duhu. Na ji wata ta ce a dama wa mai cikin nan kunu, ta ruga ɗakin ajiya. Na ji ƙarar ƙyauren, sannan shiru. Wata ta ɗaga faifan turmi. Ban manta shirun da matan nan suka yi ba. Bayan haka sai guntu-guntu: muryar Baba yana salati, ƙararrawar keken malamin asibiti, hannuwa sun ɗauke ni an bi da ni ta ƙofar baya.

Na farfaɗo a ɗakin Tumba, washegari da rana. Abu biyu na tambaya. Na farko Inna, aka ce tana hutawa, kada in damu kaina. Na biyu ban iya tambaya da baki ba, don mai cikin fari ba ta maganar cikinta, sai na kama hannun Tumba na ɗora a kansa. Tun ranar Juma'a da azahar abin da ke ciki bai motsa ba. Da can ba ya bari in yi barci, kai Haliru, shuri kake kamar ɗan jaki. Yanzu shiru, nauyi kawai. Tumba ta shafa, ta danna nan ta danna can, ta ce shi ma ya sha wuya, a ba shi lokaci. Ta ce in bai motsa ba zuwa jibi za a kai ni asibitin mata. Na san abin da hakan ke nufi, a makaranta an koya mana abin da ke samun uwa idan ɗa ya mutu a ciki ya kwana. Ilimina bai hana komai ba, amma ya iya tsoratar da ni.

Ta kawo mini kunu mai kauri, na gero tsantsa, na tambaye ta ina aka samu. Ta ce kowane gida a layin ya kawo abin da ya iya, wani tafi ɗaya, wani rabin ƙwarya. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana kallona, sannan ta ce abin da ya fi rogon ɗaci.

"Ɗiyata, mu nan zaginku muke. Kullum mu ji daka, mu ga hayaƙi, mu ga akushi ya hito. Muka ce mai hatsi ya ɓoye hatsi, yana ci shi da iyalinai. Ni da kaina na hana a kai muku kwaɗon rama, na ce su da ke da tuwo mi za su yi da rama. Da turmin nan ya yi shiru kwana ɗaya tak, wallahi da na shigo."

Yinin Asabar haka na yi shi, hannuna biyu a kan cikina, ina saurare da dukan jikina. Gwaggo ta leƙo sau ɗaya, idanunta sun kumbura, ta ce mura ce. Ba ta tsokane ni ba, ba ta ce mini ɗiyar boko ba. Na tambaye ta ko Inna ta ci wani abu, ta ce Inna ba ta buƙatar komai yanzu, ta fita da sauri. Na ji maganar, na ƙi fahimtarta. Ta kan katanga ina jin takun mutane da yawa, da sallamar maza a zaurenmu, na ce wa kaina dubiya suke zuwa.

Ranar Lahadi da hantsi Tumba ta shigo ta wanke hannu, ta ce in kwanta rigingine. Ta ba ni ruwan sanyi na sabuwar randa na sha, ta ɗora tafinta a gefen cikina, ta ce mu yi shiru. Muka yi shiru. Kaza na tono a bakin ƙofa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai na ji kamar kifi ya juya a ƙarƙashin haƙarƙarina, sannan shuri ɗaya, mai ƙarfi, har hannun Tumba ya ɗaga. Ta jira na biyu, ya zo. Ta sauke ajiyar zuciya ta share fuskarta da gefen zane.

"Kin tsira, Kulu. Ke da shi, duk kun tsira. Dahin ya hita."

Ban kai ga cewa alhamdu lillahi ba na ji shi ta kan katanga. Turmin gidanmu. Ba muryar ƙaryar nan ba, tasa ta gaskiya, mai nauyi, mai nutsewa ƙasa, har ina jin ta a bayana ta cikin tabarma. Taɓarya ba ɗaya ba, uku ne, suna bin juna. Gero ne a ciki, jiƙaƙƙe, da yawa. A shekara irin wannan babu abin da zai sa unguwa ta tara gero haka a turmi ɗaya, da hantsi, a rana ta uku daga Juma'a, in ba gumbar sadakar uku ba.

Na ce, "Wa ake wa daka a gidanmu?"

Tumba ba ta janye hannunta daga cikina ba. Ta ce Inna ba ta kai magariba ba ranar Juma'a. Ta ce ta ɗan farfaɗo kafin nan, ta buɗe ido ta duba matan da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani abu da ta ajiye.

"Ta tambaye ki. Ba waccan ta ce ba. Cewa ta yi, ina Kulu, ta ci da yawa?"

Ka sake shuri, Haliru. A can bayan katanga matan suka ci gaba da daka.